Ɗaki Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina zana ta
a allon aji biyu, nan Talata Mafara,
har hannuna ya haddace, ba sai na buɗe littafi ba.
Ɗaki huɗu, biyu bisa, biyu ƙasa,
kamar gidan hayar da magini ya auna da igiya.
Jan alli a wannan gefe, shuɗi a wancan,
ga kibiyoyi suna nuna wa jini hanya
sai ka ce bai san gida ba.

Ranar kasuwa Mande ya shigo a makare,
riƙe da ƙunshi cikin takardar siminti, tana ɗiga.
Ubansa Na'Allah mahauci ne.
Ya ce, "Malam, Baba ya ce in kawo maka,
wai ka nuna mana shuɗin."

Na kwance. Zuciyar rago ce,
kamar dunƙulen hannun yaro, kitse ya yi mata hula.
Ba kibiya, ba suna rubuce a gefe.
Na juya ta, na sake juyawa,
na rasa ina ne gaba, ina ne baya.
Aji ya yi tsit.
Ƙudaje kaɗai ba su yi shakkar abin da suka gani ba.

Na ari rezar da Ige ke fiƙe fensir, na tsaga.
Ɗakunan suna nan, ban yi asara duka ba,
sai dai ba magini ya auna su ba:
bangon ɗaya kauri kamar ganuwa,
na ɗayan kuwa bai fi fatar guga ba,
wasu fararen zaruruwa sun riƙe ƙyamare,
gudan jini ya kwanta a lungu, baƙi-baƙi.
Shuɗi kam, ko na magani.

Mande ya ce, "Ke nan littafin ƙarya yake?"
Aka kaɗa ƙararrawa.
Ban taɓa jin daɗin ƙarar ƙarfen nan kamar ranar ba.

Da damina ta faɗi, Inna ta fara haki.
Daga ɗaki zuwa randa sai ta zauna sau biyu,
ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi.
Muka kai ta asibiti a Gusau.
Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba,
ta yi bayani, Inna na kallon silin.
Sai ta juya takardar magani, ta ciro biro,
ta zana ɗaki huɗu, nawa sak, har karkacewar,
ta ja kibiya ɗaya tana komawa baya.

Inna ba ta taɓa zama a benci ba.
Ta sa yatsa a kan zanen, ta daɗe,
ta ce, "Ashe ƙyaure ne ba ya rufuwa.
Shi ya sa nake jin ana shiga ana fita."
Daga ranar ba mu sake faɗa da ita kan shan ƙwaya ba.

A mota muna dawowa, kanta a kafaɗata,
na riƙa sauraren abin nan yana aiki a ƙirjinta,
a duhu, a jiƙe, ba alli, ba kibiya,
shekara saba'in bai taɓa ganin hotonsa ba.

Har yau ina zana ta.
Na kan ce wa yara, wannan sawu ne, raƙumin yana gaba,
amma wanda raƙuminsa ya ɓace
ba ya raina sawu.
Wasu su rubuta, wasu su yi hamma.

Duk zango na kan je rumfar Na'Allah in sayi guda.
Bai taɓa rage mini ko naira ba.
Yana naɗe ta a takarda, yana goge wuƙa a cinya,
ya ce, "Malam, har yanzu ba a ga shuɗin ba?"
In ce, "Ana nan ana nema."